Python ya ce "babu", alhali jiya akwai: fashin baƙi kan modul ɗin da ke ɓacewa tsakanin Windows da Linux

Wajen ƙarfe sha ɗaya na dare wani ƙanina da ke shekarar ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta ya turo min hoton allon laftof ɗinsa ta WhatsApp. Jan rubutu ne layi-layi, na ƙarshe yana cewa:

ModuleNotFoundError: No module named 'fcntl'

A ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Yaya, sau uku ina yin pip install, ya ƙi. Kuma wallahi jiya-jiyan nan abin yake aiki a kwamfutar abokina." Na tambaye shi me ke kan kwamfutar abokin. Ubuntu, wani nau'in Linux. Tasa fa? Windows. Ƙaramin shafin intanet ne suka gina da Flask don aikin kammala karatu, abokin ya haɗa shi da Gunicorn, manhajar da ke kunna shafin don mutane su iya shiga, shi kuma ya kwafo folda ɗin a filash ya kawo gida. Na ce masa ya bar pip, wato manhajar da ke girka wa Python kaya, ya huta, ko zai kwana yana bugawa ba zai kawo masa fcntl ba.

Matsalar wannan saƙo ita ce rowar bayani. Yana faɗa maka sunan abin da aka nema aka rasa, amma ba ya faɗin dalili. Kamar ka aiki yaro kasuwa ne ya dawo ya ce maka "babu". To, babu a duk garin, ko wata kasuwar ya je daban? Ko sunan da ka faɗa masa ba shi 'yan kasuwa suka sani ba? Ko kayan na nan a gabansa bai gane su ba? Duk amsarsa ɗaya ce, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Ita kanta kalmar ModuleNotFoundError ba ta daɗe ba, a Python 3.6 na Disambar 2016 ta shigo. Kafin nan ImportError ake gani, shi ya sa tsofaffin bayanai ke amfani da wancan suna.

Idan kod ɗinka ya ce import wani abu, wato ya nemi wani modul (guntun kod da aka riga aka rubuta), Python yana fara duba modul ɗin da aka gina a cikin jikinsa, sannan ya bi wani jerin folda-folda da ake kira sys.path, ɗaya bayan ɗaya. Farkon jerin shi ne folda ɗin da fayil ɗin da ka kunna yake ciki. Sai duk abin da aka sa a PYTHONPATH, sai laburaren da Python ya zo da shi, sai site-packages inda pip ke zuba kayan da ka girka. In ya kai ƙarshen jerin bai ga komai ba sai ya jefo maka wannan jan rubutu. Da ka ɗauki kod daga wata babbar manhaja zuwa wata, kamar daga Linux zuwa Windows, kusan kowane ɓangare na wannan jeri ya canza, kod ɗin ne kawai bai canza ba.

Na ƙanina shi ne nau'in da ya fi ruɗa mutane, domin ba laifin girkawa ba ne. Modul ɗin fcntl na cikin laburaren Python na asali, amma na gidan Unix ne kawai, wato Linux da macOS da danginsu. Aikinsa magana da babbar manhaja kai tsaye a kan fayilolin da aka buɗe: kulle fayil don kada shirye-shirye biyu su yi rubutu a cikinsa lokaci guda, sauya yanayin karanta shi, da makamantansu. Windows ba ta da waɗannan ƙofofi a irin wannan siffa, don haka Python ɗin Windows bai zo da modul ɗin ba sam. Haka pwd da grp masu karanta bayanan masu amfani da kwamfuta, da termios, da resource. Shi curses yakan yi wayo: folda ɗinsa na nan a Windows, amma da ka kira shi sai ya ce babu _curses, wato ɓangaren da aka rubuta da harshen C. Wannan kam akwai mai cike gurbinsa, windows-curses.

Abin da ya ƙara rikita yaron shi ne bai taɓa rubuta import fcntl da hannunsa ba. Gunicorn ne ke kiransa. Kuma pip ya girka Gunicorn a Windows lami lafiya ba ko gargaɗi, saboda zallar Python ne babu abin da zai hana a kwafe shi. Sai an zo kunnawa asiri ke tonuwa. Shi ya sa nake cewa mutane su daina karanta layin ƙarshe kaɗai. Ka ɗaga ido sama da layi biyu ko uku, za ka ga sunan fayil ɗin da ya yi kiran. In hanyar fayil ɗin ta bi ta site-packages, to wani kaya ne da ka girka yake neman abin, kuma tambayar ta koma: shin wannan kaya an yi shi don Windows kuwa? Gunicorn ba a yi shi don ita ba. Haka uvloop.

Akwai wata shawara da ke yawo a intanet wadda ba na ƙauna ko kaɗan: wai ka ƙirƙiri fayil mai suna fcntl.py da kanka, ka sa masa ayyukan bogi da ba sa yin komai, ka ajiye kusa da kod ɗinka. Jan rubutun zai ɓace, gaskiya ne. Amma shirin da ya nemi a kulle masa fayil yanzu yana zaton an kulle, alhali ƙofa a buɗe take. Ranar da rubutu biyu suka yi karo a fayil ɗaya bayanai suka lalace, babu saƙon da zai nuna maka inda gizo ke saƙar. Gara kuskuren da ke ihu da wanda ya yi shiru. A wajen Gunicorn ma wahalar banza ce, domin bayan fcntl akwai pwd da grp suna jiran ka, kuma yana dogara da yadda Unix ke raba shiri gida biyu, abin da Windows ba ta yi.

In kod ɗin naka ne, gyaran na hannunka. Kana iya duba sys.platform ka raba hanya: a Linux zai ce linux, a macOS darwin, a Windows kuwa win32, ko da kwamfutar mai bit 64 ce, kar lambar ta yaudare ka. A ɓangaren Windows sai ka yi amfani da msvcrt.locking, a ɗayan fcntl.flock. Sai dai ba tagwaye ba ne, halinsu ya bambanta, don haka ni na fi son a bar wa filelock ko portalocker wannan aiki, tunda an rubuta su ne don su ɓoye bambancin. In kuma kayan na wasu ne, ko ka nemi makwafinsu mai aiki a ko'ina, ko ka kawo Linux ɗin cikin Windows ta hanyar WSL, wanda siga ta biyu ta iso ga jama'a a 2020 da ainihin zuciyar Linux a ciki.

Tafiyar ba hanya ɗaya take ba. Mai barin Windows zuwa Linux shi ma yana da nasa: winreg, msvcrt, winsound, duk babu su can. Mafi yawa ma ta requirements.txt, fayil ɗin da ke jera kayan da aiki ke buƙata, ake shigo da rigimar. Mutum ya yi pip freeze a Windows, komai da ke kan kwamfutarsa ya zuba a fayil ɗin har da pywin32. Ya je sabar Linux, pip ya iso kan pywin32 ya rasa wanda ya dace, ya tsaya cak, sauran kayan ma bai girka su ba. Mai shi bai lura ba saboda rubutu ya yi yawa a allo, ya kunna shiri, aka ce masa babu flask. Sai ya yi ta mamaki, ai flask na cikin jerin! Yana ciki mana, ba a kai ga girka shi ba ne. Maganin layi ɗaya ne a requirements.txt:

pywin32; sys_platform == "win32"

Da haka pip zai tsallake shi a duk inda ba Windows ba.

Sai dai in za a faɗi gaskiya, irin na fcntl ba shi ya fi yawa ba. Wanda na fi cin karo da shi shi ne yaron da ya je wata kasuwar. Kwamfuta ɗaya tana iya ɗaukar Python uku ko huɗu: wanda ya zo da babbar manhaja, wanda ka sauko da shi da kanka, na Anaconda, da na cikin venv ɗin kowane aiki, wato keɓaɓɓen folda mai riƙe da kayan wannan aikin shi kaɗai. Kowannensu da site-packages ɗinsa. Ka buga pip install ya zuba a rumbun wannan, ka buga python3 ya tashi wancan. A Windows mutum ya saba da python ko py. A Ubuntu python3 ne, sau da yawa ma babu umarnin python ɗin gaba ɗaya. Kafin ka taɓa komai ka tambayi Python ɗin shi wane ne:

python3 -c "import sys; print(sys.executable); print(sys.path)"

sannan ka buga python3 -m pip --version ka ga ko hanyar da ya nuna ta yi daidai da ta farko. Ka kuma mayar da python3 -m pip install ɗabi'arka maimakon pip tsirara, domin haka ne ke tabbatar da wanda ya saya shi ne zai ci. Wannan duba na minti ɗaya ya sha ceton mutane daga goge Python su sake girkawa, aikin da ba ya gyara komai sai ƙara Python na biyar.

Yanzu ga wanda ya fi shafar mu a nan, inda data ke da tsada kuma sabis ba shi da tabbas. Mutum ya sha wahala ya sauko da numpy da pandas da sauran manyan kaya, to me zai sa ya sake kashe data a sabuwar kwamfuta? Sai ya kwafi folda ɗin venv ɗungurungum a filash. Na fahimci dalilin, ni ma na taɓa yi. Amma venv ba kayan ɗauka ba ne, takardun Python da kansu sun faɗi haka. A cikinsa akwai pyvenv.cfg da ke riƙe da cikakken adireshin Python ɗin da ya haife shi, irin su C:\Users da sauransu, adireshin da ba shi da ma'ana a Linux. Tsarin ɗakunan ma daban ne: Windows na da Scripts da Lib\site-packages, Linux na da bin da lib/python3.11/site-packages.

Mai taurin kai zai ce to bari in kwashe abin da ke cikin site-packages kawai in zuba a inda ya dace. Ƙananan kaya na zallar Python za su yi aiki, shi ya sa dabarar ke da magoya baya. Amma numpy da pandas da Pillow suna da sassan da aka riga aka sarrafa daga harshen C zuwa harshen inji, kuma kowace babbar manhaja da nata. A Windows fayil ɗin yana ƙarewa da .pyd, sunansa ɗauke da alama irin cp311-win_amd64. A Linux .so ne, mai alama irin cpython-311-x86_64-linux-gnu. Python ɗin Linux ba ya ma ɗaukar .pyd a matsayin modul. Zai wuce ta gabansa kamar bai gan shi ba, ya ce maka babu numpy.core._multiarray_umath. Kai kuma ka buɗe folda ga fayil ɗin nan kana kallo da idonka. Nan ne mutane ke fara zargin aljanu. Masu ɗora kod a AWS Lambda sun san wannan saƙo sarai, domin can Linux ne, su kuma a Windows ko Mac suke haɗa kayansu. Tun da Apple ya fito da M1 a ƙarshen 2020 abin ya ƙara rassa, tunda Mac biyu ma na iya bambanta a irin injin da ke cikinsu. Masu Node.js, wato masu aiki da JavaScript, su ma ba su tsira ba: kwafar node_modules daga wata babbar manhaja zuwa wata ita ce hanya mafi sauri ta ganin esbuild ko bcrypt sun yi tawaye.

Akwai halastacciyar hanyar tsimin data, kuma abin mamaki ba a cika koyar da ita ba. A inda kake da intanet mai kyau, ka sa pip ya sauko maka da kayan da suka dace da kwamfutar da za ka je, ba wadda kake kai ba:

pip download -r requirements.txt -d kaya --platform manylinux2014_x86_64 --python-version 3.11 --only-binary=:all:

Ka ɗauki folda ɗin kaya a filash. A can ka buɗe sabon venv, ka buga pip install --no-index --find-links kaya -r requirements.txt. Ba ko kilobait ɗaya da za ka kashe.

Wani lokacin kuma ana ɗora wa babbar manhaja laifin da ba nata ba. Laftof ɗinka na da Python 3.10, sabar da ka koma Ubuntu 24.04 ce mai Python 3.12. A 3.12, wanda ya fito a Oktoban 2023, an cire distutils da imp daga laburaren asali. A 3.13 na Oktoban 2024 aka sake sharar wasu tsofaffi, ciki har da cgi da telnetlib da crypt. Kod ɗin da ke kiransu zai ce babu ko da a Windows ne, in dai sigar ta kai haka. Na distutils, girka setuptools yakan toshe ramin, kuma sabon venv a 3.12 ba ya zuwa da setuptools ɗin da kansa kamar da. Ga kuma al'adar Debian da Ubuntu ta yanka Python gunduwa-gunduwa: tkinter da ke zuwa kyauta tare da Python ɗin Windows, a can sai ka nemo shi da sudo apt install python3-tk, pip ba shi da hurumi a kansa. Shi kansa venv sai da python3-venv. Daga Debian 12 da Ubuntu 23.04 kuma pip ya daina yarda ya zuba kaya a Python ɗin babbar manhaja, sai ya ce externally-managed-environment. Akwai hanyar tilasta masa, sunanta --break-system-packages, kuma ina ganin sunan kaɗai ya isa nasiha. Buɗe venv kawai.

Batun manya da ƙananan baƙaƙe ya cancanci a tsaya a kansa, domin ana yawan faɗinsa a karkace. Linux na ɗaukar Utils da utils a matsayin sunaye biyu. Windows da macOS, a yadda suke zuwa, suna ɗaukarsu ɗaya. A Node.js wannan tarko ne kai tsaye: ka kira ./Utils alhali fayil ɗin utils.js ne, a Windows ya wuce, a Linux a ce Cannot find module. Python kuwa tun siga 2.1 ta 2001 yake duba baƙaƙen da kyau har a Windows, don haka kuskuren ba ya ɓuya a laftof ɗinka. Ta Git, manhajar adana kod da tura shi saba, yake shigowa. Ka sauya sunan Utils.py zuwa utils.py a Windows, ka gyara duk wuraren da ke kiransa, komai na aiki. Amma Git a irin wannan kwamfuta yana kunna core.ignorecase, don haka bai ga ka sauya komai a sunan ba. Ka tura, saba ta jawo, ta samu sabon kod mai neman utils da tsohon fayil mai suna Utils.py. Buga git ls-files ka ga sunan da Git ya sani, in ya saɓa da na allonka ka gyara da git mv Utils.py utils.py.

Idan kuma modul ɗin da ya "ɓata" naka ne, kai ka rubuta shi, kuma baƙaƙen daidai suke, duba daga ina ka kunna shirin. PyCharm, manhajar rubuta kod, yana saka tushen aikinka a sys.path ba tare da ka sani ba, sai ka saba da gata. A saba babu PyCharm. Umarnin python3 app/main.py yana sa folda ɗin app ne a farkon jerin, shi kuwa python3 -m app.main yana sa folda ɗin da kake tsaye a ciki. Wannan ɗan bambanci ya isa ya sa from app import wani abu ya faɗi. Masu saita PYTHONPATH da hannu su tuna Windows da alamar ; take raba adireshi, Linux da alamar : take rabawa.

Abu ɗaya da nake roƙon masu koyo su bari shi ne kwafar sunan da ke cikin jan rubutu su liƙa a gaban pip install ba tunani. Sunan kira da sunan girkawa ba lallai su zama ɗaya ba. Mai neman cv2 opencv-python zai girka, PIL na cikin Pillow, yaml na cikin PyYAML, sklearn na cikin scikit-learn, bs4 na cikin beautifulsoup4. PyPI kuwa, inda pip ke ɗauko kaya, kasuwa ce da kowa ke iya kafa rumfa, kuma an sha kama miyagun kaya da aka raɗa wa sunaye masu kama da na gaske don irin wannan gaggawar. Girka kaya na iya nufin ba wa kod ɗin wani damar gudana a kwamfutarka. Buɗe takardun aikin ka ga sunan da suka ce a girka, minti biyu ne.

Ƙanina dai a daren nan Waitress na sa ya girka, mai yin irin aikin Gunicorn amma yana tashi a Windows da Linux duka. Ya buga waitress-serve --port=8000 app:app, shafin ya buɗe. Na ce ya bar Gunicorn a requirements.txt da sharaɗin sys_platform != "win32", tunda sabar da za su ɗora aikin Linux ce, ya kuma goge venv ɗin abokin da ya taho da shi a filash ya buɗe nasa.

Da safe sai ga wani hoton. "Yaya, ya dawo fa." Wannan karon a shafin da ke nuna lokacin rajista ne, kuma a tsakiyar jan rubutun an ce babu tzdata. Abokin ya yi amfani da zoneinfo, wanda ya shigo a Python 3.9, ya nemi Africa/Lagos. Linux na ajiye kundin lokutan duniya a /usr/share/zoneinfo, Python ya leƙa can ya ɗauka. Windows ba ta da kundin a wannan siffa, sai Python ya koma neman wani kaya mai suna tzdata, wanda masu kula da Python ɗin ne da kansu ke wallafa shi a PyPI don wannan gurbi. Na ce masa wannan kam buga python -m pip install tzdata, sannan ka ƙara shi a requirements.txt kafin ka manta.